Wanda Ya Ci Ladan Kuturu: Haƙƙin Fasinja Idan Jirgi Ya Ɓatar da Kayansa

Duk shekara bayan an sauko daga Arfa, filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato yakan cika da 'yan tarbar alhazai. Cikinsu akwai mutanen Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna da Jabo, akwai na Kebbe da Kuchi, waɗanda suka yi sammako suka ɗauko shatar mota. Daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato kusan kilomita 100 ne, na Kebbe kuwa sun fi haka nisa, kuma ba mai son dare ya yi masa a hanya. Saboda haka idan alhaji ya ga jakarsa ta fito a yage, ko aka ce masa ba ta iso ba, ba ya da lokacin tsayawa jayayya. Wani ma'aikaci zai ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, za a neme ka." Shi kuma zai ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ya shiga mota.

Wannan ɗan gajeren zance asarar dukiya ce, domin daga lokacin agogon doka ya fara bugawa, kuma kamfanin jirgi ya san da haka, alhajin ne bai sani ba. Jakar da aka auna, aka liƙa mata lamba, aka karɓa daga hannun fasinja, ta shiga wuyan kamfani. Idan ta lalace, ta makara ko ta ɓace, biyan diyya wajibi ne da doka ta ɗora masa. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan: wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Tushen haƙƙin shi ne Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta fara aiki a 2003 ta gaji Yarjejeniyar Warsaw ta 1929. Najeriya da Saudiyya duk sun shiga cikinta. Najeriya ta mayar da ita dokar gida ta hanyar Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2006, sannan dokar 2022 da ta maye gurbinta ta ci gaba da riƙe ta. Yarjejeniyar ta shafi duk jigilar ƙasa da ƙasa da aka yi don a biya, don haka jirgin shatar alhazai bai fita daga cikinta ba. Haka nan wanda ya tashi daga Sakkwato ya sauya jirgi a Abuja zuwa Jidda ko Alƙahira a kan tikiti ɗaya, tafiyarsa gaba ɗaya ta ƙasa da ƙasa ce a idon doka.

Sashe na 17 ya ce kamfani ke da alhakin kayan da aka auna muddin ɓarnar ta auku a cikin jirgi ko a lokacin da kayan ke hannunsa. Ba a bukatar fasinja ya tabbatar da sakacin kowa. Mafitar kamfani ita ce ya nuna cewa aibin daga kayan ne su kansu. Idan kwana 21 suka wuce jaka ba ta iso ba, fasinja na da ikon neman haƙƙinsa a matsayin wanda kayansa suka ɓace. Sashe na 19 ya ɗora wa kamfani asarar da jinkiri ya jawo, sai fa idan ya tabbatar ya yi duk abin da ya kamata don kauce masa. Sashe na 26 kuma ya soke duk wani sharaɗi da kamfani zai rubuta a tikiti don ya wanke kansa ko ya rage iyakar diyya.

Ana lissafa iyakar diyyar da wani ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR. Ta fara da 1,000 ga kowane fasinja, ta koma 1,131 a 2009, ta kai 1,288 a 2019, sannan daga 28 ga Disamba 2024 ta zama 1,519. Wannan kusan dala 2,000 ke nan, wato wajen naira miliyan 3 a canjin 2025. A tafiyar cikin gida iyakar dala 1,000 ce. Sai dai a lura, iyaka ce, ba kuɗin da ake miƙa wa kowa ba: fasinja zai nuna ƙimar abin da ya rasa. Wanda kayansa suka fi iyakar daraja yana iya bayyana ƙimarsu wajen awo ya biya ƙarin kuɗi.

Bayan wannan akwai Kashi na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, na 2023. Ya wajabta wa kamfani ya ba wanda jakarsa ta makara kuɗin biyan bukatun gaggawa: naira 10,000 a tafiyar cikin gida, dala 170 a ta ƙasashen waje. Naira 10,000 ba ta taka kara ta karya ba, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar a sake duba adadin. To amma ko ita ɗin, fasinja nawa ne aka taɓa kira aka ba su ba tare da sun tambaya ba?

Doka mai kyau ce a takarda, sai dai tana da ƙaya, kuma ƙayar tana sashe na 31. Wanda ya karɓi jakarsa bai yi ƙorafi ba, ana ɗaukar hakan shaida ce ta farko cewa ta iso lafiya. Ƙorafin lalacewa dole a shigar da shi cikin kwana 7 daga ranar karɓa. Na jinkiri cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙa jakar. Dole ne kuma ya kasance a rubuce. Idan wa'adin ya wuce, ƙofar ƙara ta rufu, sai dai in an kama kamfani da zamba. Ƙarar kanta tana da wa'adin shekara 2, kuma a Najeriya Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar sufurin jiragen sama. Kotunan ƙasar ba sa wasa da wannan wa'adi. A shari'ar Ibidapo da kamfanin Lufthansa ta 1997, wadda ta taso daga ɓacewar kaya, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa Yarjejeniyar Warsaw na aiki a Najeriya, tare da wa'adinta na shekara 2.

Yanzu a auna kwana 7 da rayuwar alhajin da ya koma Kebbe. Makon farko na 'yan barka da sauka ne, gida cike, ana raba dabino da zamzam. Sau da yawa ma manyan jakunkunan alhazai ba a hannunsu suke barin filin jirgi ba, sai daga baya a raba su ta hannun jami'an alhazai. Kafin ya natsu ya ga turare ya fashe ya ɓata jallabiyoyi, ko ya gane jaka ɗaya ba za ta zo ba, kwanaki sun ja. In zai yi ƙorafi, sai ya nemi mai rubuta masa Turanci, ya biya kuɗin mota zuwa Sakkwato da dawowa, ba tare da tabbacin zai tarar da ofishin kamfanin a buɗe ba. Wa'adin da bai fi saƙon imel ɗaya ba ga ma'aikacin banki a Abuja, ga manomin Kuchi katanga ce. Kalmar "za a neme ka" ba ta tsayar da agogo, kuma kiran waya ba rubutu ba ne. Duk ma'aikacin da ya sallami fasinja da baki alhali ya san doka rubutu take nema, ya taimaka wajen cinye haƙƙinsa, ko da nufi ko babu.

Za a ce ai musulmi ne, kuma haƙuri da ƙaddara na cikin imani, balle ga wanda ya dawo daga Ɗakin Allah. Gaskiya ne, amma yarda da ƙaddara ba ta taɓa sauke nauyi daga kan wanda ya ɓata dukiyar wani ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake karantawa a zaurukan ƙasar Sakkwato, akwai sanannen hukunci na lamuntar da masu sana'a: tela ko marini da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa, shi zai biya idan suka salwanta, sai in ya kawo shaidar da ta wanke shi. Malamai sun kafa wannan ne a kan maslahar jama'a, domin in an bar masu karɓar kayan mutane ba lamuni, sakaci zai yawaita. Yafiya falala ce, amma sai mutum ya san yana bin bashi kafin a ce ya yafe. Wanda aka ɓoye wa haƙƙinsa har wa'adi ya wuce bai yafe komai ba, an dai ƙwace masa.

Abin mamaki, mutumin nan ba ya yin haka a tashar mota. Idan ya biya kuɗin kaya aka ɗaure masa buhun albasa a kan mota daga Tambuwal zuwa Jega, buhun ya ɓace, ya san direban da zai riƙe da shugabannin tashar da zai kai wa ƙara. Filin jirgi ne kawai ke sa shi jin kamar alfarma aka yi masa. Kwarjinin wurin, da Turanci, da kayan sarki, su ke aikin da doka ba ta yi wa kamfani ba.

Kamfanoni su ma suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurara. Fasinjoji kan cusa kaya fiye da ƙima a jakar leda mai rauni, su ɓoye ruwa ko mai a tsakiyar tufafi, su sa kuɗi da gwal a jakar awo maimakon ta hannu. Jakar da ta fashe don an cika ta har zif ya gaza, kamfani na da hujja a kanta. Haka kuma zafi irin na Sakkwato a watan Afrilu yana rage kaurin iska, ya rage nauyin da jirgi zai iya tashi da shi, har a tilasta barin wasu kaya a ƙasa. Wannan dalili ne na kare rayuka, ba mai musun sa. Amma dalilin barin jaka daban, dalilin ɓoye wa mai ita labari daban. Kamfanin da ya san tun kafin tashi cewa ya bar kaya, ya kuma bar mutane suna zuba ido a wurin karɓar kaya har na ƙarshe ya wuce, ba zafin rana ya sa shi yin shiru ba.

NCAA ta ɗan motsa. Ta buɗe shafin karɓar ƙorafi a intanet a 2024, kuma a Disambar shekarar ta sanar da ɗaukar matakin hukunci a kan kamfanoni 5 saboda saɓa Kashi na 19. Sai dai haƙƙin da ake shelarsa da Turanci a kafafen sada zumunta bai isa Kebbe ba. Ya kamata hukumar ta wajabta wa kowane kamfani liƙa sanarwa da Hausa, da boko da ajami, a wurin karɓar kaya a Sakkwato da Birnin Kebbi, ta kuma sa a riƙa karanta ta a gidajen rediyo irin su Rima. Ya kamata biyan kuɗin gaggawa ya zama abin da kamfani zai yi da kansa da zarar jaka ba ta fito ba, tunda sunan mai ita da lambarta suna cikin kwamfutarsa.

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Sakkwato su ma suna da nasu kason. A bitar maniyyata ana koyar da nauyin kaya da abin da aka hana ɗauka, wato wajibin alhaji ga kamfani. Minti 10 sun isa a koyar da wajibin kamfani ga alhaji. Jami'in alhazai na kowace ƙaramar hukuma ya riƙe rajista: ranar da aka miƙa kowace jaka, da halin da ta iso. Ya tattara ƙorafin mutanensa a rubuce ya miƙa wa kamfani cikin wa'adi, a buga masa hatimin karɓa. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ce ta ba Najeriya Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, Aminu Waziri Tambuwal, wanda yanzu ke wakiltar Sakkwato ta Kudu a Majalisar Dattawa. Yankin da ke da irin wannan murya a wurin yin doka bai kamata mutanensa su zama na ƙarshen sanin abin da doka ta ba su ba.

Saura 'yan boko, waɗanda galibi su ke zuwa tarbar iyaye. Aikinsu ba shi da yawa. Kafin tafiya, a ɗauki hoton jaka da abin da ke cikinta, a gargaɗi matafiyi ya adana rasiɗin sayayya da ɗan guntun takardar nan mai lambar jaka, domin ita ce shaidar cewa kamfani ya karɓa. Ranar dawowa, a duba jaka kafin a sa ta a mota. In akwai matsala, a je teburin kamfani a cike takardar rahoton kaya da ma'aikata ke kira PIR, a karɓi kwafi mai lamba. Kada a tsaya nan: a bi ta da wasiƙa ko imel na neman diyya cikin kwanakin farko, da lissafin abin da aka rasa. In kamfani ya yi kunnen ƙashi, a kai wa jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA, in ta kama a je kotu kafin shekara 2 su cika.

Dattijon da ya sayar da shanu ko ya tara kuɗin gero da albasa na shekaru don ya sauke farali, tsarabar da ke cikin jakarsa ta jikoki ce da maƙwabta da suka yi masa rakiya. Ya biya kuɗin ɗaukarta a cikin kuɗin kujera. Rabin sa'ar da ɗansa zai ɓata a gaban tebur kafin su kama hanyar Tambuwal ita ce za ta raba tsakanin diyya da "Allah Ya mayar da alheri."