A Kai Mu Falgore da Riruwai

Malamai da 'yan'uwa ɗalibai, duk lokacin da aka yi zancen yawon buɗe ido, sai ka ji an ce Yankari. Ba laifi, domin tun 1962 aka buɗe ta ga baƙi, kuma ruwan ɗumi na Wikki ya isa abin kallo. Amma a ganina, mai nazarin Hausa ya fi bukatar Falgore da Riruwai, waɗanda ke kudancin Jihar Kano.

Falgore, wadda a dā ake kira dajin Kogin Kano, tana kan hanyar Kano zuwa Jos, kuma kogin da ya ratsa ta shi ke zuba a madatsar Tiga. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa ta cikin dazuzzuka 10 da ta amince a mai da su gandun daji na ƙasa. Gaba kaɗan, a Ƙaramar Hukumar Doguwa, ga duwatsun Riruwai sun yi kewaye tamkar ganuwa. Masana ƙasa sun bayyana cewa saiwar wani dutse ne mai aman wuta, wanda ya mutu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Ruwa da iska suka cinye samansa, suka bar gindin. A nan ne kakanninmu suka riƙa narka kuza tun kafin zuwan Turawa.

To, me ya haɗa wannan da sashenmu? Kalmomi. A ƙasarmu ta Karaye da Rogo, tsohon maharbi ba ya haɗa gwanki da kanki, ko mariya da gwambaza, ko mazo da gada. Ya san sawun kowanne da irin kashinsa da lokacin da yake zuwa shan ruwa. Ɗalibi kuwa duk barewa yake ce musu, alhali yana nazarin tatsuniya da kirarin da ke cike da sunayensu. Gonaki sun ci dawan da ke garemu, madatsar Challawa kuma ta shanye fadamu da dama tun da aka gama ta a 1992. Dabba in ta ƙaura, sunanta ba ya daɗewa a bakin yara. Haka abin yake ga fā da marmara da tsauni, balle kalmomin masu wankin kuza.

Na san za a ce dajin ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a shiga ba tare da izinin hukuma da rakiyar jami'an gandun daji ba. Amma ko a bakin dajin aka tsaya, ribar tana nan, muddin dai an tafi da maharba biyu ko uku daga Karaye da Rogo, da rikoda, da littafin rubutu. Su nuna, su faɗi suna, mu rubuta tare da alamar karin sauti da tsawon wasali, sa'an nan mu dawo mu gwada da abin da Bargery ya tara a ƙamusunsa na 1934.