Soyayya da Aljanin Dutse: Wa Ake Koya wa 'Ya'yanmu Su Kira?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa (SAW). Bayan haka:

Ya 'yan'uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani littafi da na tarar ɗalibaina mata a Islamiyyarmu da ke Gusau suna tura wa juna ta WhatsApp. Na karɓa na karanta shi har ƙarshe, don kada in yanke hukunci a kan abin da ban sani ba. Labarin wata budurwa ce 'yar Tsafe da ta kamu da son ɗan sarkin aljanu mai zama a Dutsen Kwatarkwashi. Marubuciyar gwana ce, ba zan tauye mata haƙƙi ba; yadda ta siffanta ƙamshin ƙasa a farkon damina sai ka ji kamar kana wurin. Sai dai duk sanda yarinyar ta shiga ƙunci, gindin tsamiya take zuwa ta kira sunan masoyinta. Shi ya warkar da mahaifiyarta, shi ya saukar da ruwa a gonar mahaifinta. Tun daga shafin farko har na ƙarshe ba ta ɗaga hannu ga Allah ko sau ɗaya ba.

Na san za a ce ai ƙagaggen labari ne, kuma "Ruwan Bagaja" na Abubakar Imam da "Ganɗoki" na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, cike suke da aljanu. Gaskiya ne, kuma ni ma na karanta su. Ambaton aljani ba laifi ba ne, halitta ce da Alƙur'ani ya tabbatar. Laifin shi ne a mayar da shi wanda ake roƙo, mai amfanarwa da cutarwa, sannan a ƙawata hakan har mai karatu ya yi sha'awa. Ku duba aya ta 6 a Suratul Jinn, ku ga sakamakon waɗanda suka nemi tsari da aljanu.

Marubutan namu suna kwaikwayon Turawa masu gina soyayya a kan gumakan Girkawa, sun manta cewa ga mai karatu na can waɗannan gumaka tarihi ne kawai. Mu namu bai yi nisa ba. A kan wannan dutse da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu, wanda duk matafiyi tsakanin Tsafe da Gusau yake gani, aka riƙa yin bikin Baura na kama mikiya a zamanin Maguzanci. Sunayen Ɗan Galadima da Sarkin Rafi da Doguwa ba baƙi ba ne a kunnuwanmu. Yarinyar da ta tashi tana kallon aljani a matsayin masoyi mai taimako, ran da aure ya yi mata jinkiri aka ce aljani ne ya aure ta, ƙofar wa kuke zaton za ta fara ƙwanƙwasawa?

Ba ƙona littattafai nake kira ba. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ga shi labaran sun koma cikin waya, inda ashana ba ta kaiwa. Hanyar Nana Asma'u 'yar Shehu ta fi: da ta ga bori ya kama zukatan mata, sai ta kafa 'Yan Taru, ta ba su waƙoƙin ilimi cikin harshensu.

Saboda haka, ya marubuta, ku rubuta soyayya mai tsafta, ku siffanta dutsen da mikiyar da gulbin, amma a matsayin ayoyin Mahalicci. Ku kuma masu karatu, ku riƙa yi wa kowane littafi tambaya ɗaya, wadda na yi wa ɗalibaina suka yi tsit: idan jarumar ta shiga uku, wa take kira?

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya shiryi zuriyarmu. Wassalam.