Wannan "M" ɗin ba na burga ba ne

Ka taɓa lura da harafin M ko alamar + da − a gefen giyar motarka otomatik? Da yawanmu daga P sai D, shi ke nan. Waɗanda suka gano shi kuwa sun mayar da shi kayan burga: a sauke giya, inji ya yi ta kuka, a ɗauki bidiyo a watsa a TikTok.

Ɗan'uwa, ba don haka aka yi shi ba. Babban amfaninsa a gangara yake. Duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo daga Jos zuwa Akwanga ya san zancen. Ka bar mota a D, ƙafarka kan birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai ɗau zafi, ƙauri ya tashi, ƙarshe ka taka ya ƙi kamawa. Amma idan ka rage gudu tun kafin gangarar, ka koma M, ka sauko 3 ko 2, injin ne zai riƙe motar, birki ya samu sauƙi. Masu tsohuwar Corolla, 2 da L ɗinku aikinsu kenan.

Babu kuloci a nan, balle ka ji tsoron mota ta mutu. Ka dai sa ido kada allurar inji ta shiga ja.

Ka gwada a titin da ba cunkoso tun yanzu. Ranar da Hajiya ke zaune a bayanka, mota na gangarawa, ba ranar koyo ba ce.