Jinjina ga Susan Boyle, da Aikin da Ya Rage

Shekara hamsin Susan Boyle ta yi tana ɗauke da bayanin da ba nata ba. An haife ta a 1961, ta tashi a Blackburn, wani ƙaramin gari a Sikotlan, ita ce auta a gidansu. Tun tana tsumman goyo aka ce wa iyayenta iska ta yanke mata wajen haihuwa, ƙwaƙwalwarta ta taɓu. Da wannan magana ta tashi. A makaranta yara suka laƙaba mata sunan da ke nufin doluwa, suna tsokanarta. Da ta girma ba ta sami tsayayyen aiki ba, ba ta yi aure ba, ta zauna tana waƙa a coci tana jinyar mahaifiyarta har Allah ya karɓi ran tsohuwar a 2007.

Duniya ta san ta ne a Afrilun 2009, da ta fito a gasar Britain's Got Talent tana da shekara 47. Kafin ta buɗe baki 'yan kallo na taɓe baki suna ƙyaftawa juna ido. Da muryar ta fito, sai ga zauren a tsaye. Wannan kowa ya gani. Ni abin da nake jinjina miki a kai, baiwar Allah, daban ne. A 2012, kina da kuɗi da suna, babu wanda ya tilasta miki, kika je wajen ƙwararren likita domin zuciyarki ba ta taɓa yarda da abin da aka faɗa a kanki ba. Gwaji ya nuna basirarki ta ɗara ta yawancin mutane, kuma abin da ke tare da ke shi ne Asperger, wani nau'i na otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga. A Disambar 2013 kika faɗa wa duniya da bakinki. Mace mai shekara 52 da ta sha dariya tun ƙuruciya ta san sarai za a iya mayar da wannan ma abin dariya, amma ta faɗa.

Wannan lalura ba cuta ba ce da ake kamuwa da ita, kuma ba rashin tarbiyya ba ne. Haka ƙwaƙwalwar take tun asali. Mai ita yakan sha wuya wajen karanta fuska da gane habaici, hayaniya na iya gigita shi, sauyin tsari kwatsam na iya birkita masa yini guda. 'Yan mata kuwa sun fi iya ɓoyewa, suna kwaikwayon sa'o'insu har su galabaita, shi ya sa ake daɗewa ba a gano su ba. Sai a 1981 likitar Ingila Lorna Wing ta yaɗa sunan Asperger, lokacin Susan na da shekara 20, ta riga ta bar makaranta. Malamanta ba su da ko kalmar da za su kira halinta da ita. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin kwantar da ita asibiti washegarin wasan ƙarshe na gasar a 2009 ba, bayan makonni ana binta da kyamara.

Sai dai da sauran rina a kaba. Muryarki ce ta sa aka saurare ki, kuma a nan damuwata take. Idan sai mutum ya zo da baiwa mai girgiza zaure kafin a daina kiransa dolo, to me za a ce wa wanda ba ya waƙa, ba ya lissafin ban mamaki, kawai dai yana fama? Su ne suka fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100 na da otizim, kuma yaran nan girma suke yi. Ke da kika dawo dandalin gasar a 2023 bayan bugun jini ya taɓa maganarki, kin nuna ba ki gaji ba. Ki ara musu wannan murya, ki yi magana a kan manyan da ke jiran gwaji wata da watanni, da masu neman aikin da ake sallama tun a ganawar farko don ba su iya haɗa ido ba.

Mu ma muna da namu kason. A unguwanninmu akwai wanda aka taso ana ce masa gaɓo ko miskili, da wadda aka ce mutanen ɓoye ne suka shafe ta, yau tana gidan miji ana ce mata ba ta son mutane. Najeriya ta sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019, muna kuma da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau. Ya kamata likitocinsu su shiga gidajen rediyo su yi bayani da Hausa, su faɗa ƙarara cewa mai shekara arba'in ma yana iya zuwa a duba shi, su kuma faɗi ranar da ake ganin manya da ƙofar da za su bi.