Baƙar leda ba mazaunin karti ba ce



Kwanan baya wani ƙanena mai gyaran sola a Agadas ya aiko mini kuɗi in sayo masa kartin ondila a nan Yamai. Mai shago ya ɗauko kartin ya naɗe a baƙar leda, irin wadda ake zuba tumatir, muka liƙe, na kai gar na ba da saƙo. Kaya ya isa ba karaya, ba tsagewa. Aka ɗaura, bayan kwana tara ya mutu. Ƙanena ya ce jabu aka sayar mana, mai shago ya ce shi ne bai iya ɗaurawa ba. Har yau ba sa ga maciji. Ledar kuwa, babu wanda ya tuhume ta.

Kun san ɗan tartsatsin nan da ke kama yatsa in an taɓa ƙofar mota lokacin hunturu? Lantarki ne da ke taruwa in abu ya gogi abu, kuma busasshiyar iska irin tamu na ƙara masa ƙarfi. Mutum ba ya jin sa sai ya kai wajen volt 3000, alhali ƙasa da volt 100 na iya lalata wasu ƙananan sassan karti. Leda kuwa gwanar tara shi ce. To ku duba, Yamai zuwa Agadas sama da kilomita 900, karti na ta gogar leda cikin jijjigar mota.

Wani zai ce, ai mun shekara muna aikawa haka. Gaskiya ne, da yawa na isa lafiya. Amma ɓarnar ba kullum take fitowa nan take ba. Karti na iya raunana, ya yi aiki kwanaki ya tsaya, sai a ɗora laifin kan ɗaukewar wuta.

Shawarata, ƴan kasuwa, ku daina yar da jakar nan mai ruwan azurfa da masana'anta ke sako karti a ciki. Ba ado ba ce, ita ke tare lantarkin daga waje. A mayar da kartin cikinta, a rufe bakin, a sa a kwali. Kai kuma mai saye, in babu ita, ka ce a nemo kafin ka biya. Kuɗinta bai kai na karti ba, balle na zumunci.

Allah ya tsare mana dukiyarmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.