Raddi Ga Mai Cewa Sifika Ba Ta San Wuri Ba

Wani mai sayar da kayan sauti a Kano ya samu fili a wani shirin rediyo, yana koya wa jama'a yadda za su ji daɗin sifikokin falonsu. Zan kawo maganarsa yadda ya yi ta, don kada a ce na zalunce shi. Wai sifika mai tsada ba ta san wuri ba, duk inda ka dire ta za ta yi daɗi, zancen awo da tsari kuwa iyayin Turawa ne. Wai mai son bes ya cusa ta cikin lungu, ƙari ne kyauta. Wai a ɗora ta saman kabad ko a rataye ta kusa da silin, sauti ya sauko wa kowa. Wai kafet da labule cinye sauti suke yi. In an yi duk wannan ba a ji daɗi ba, to wat ne ya yi kaɗan, a koma shago. Can dama maganar ta dosa tun farko.

Abin ya ɓata mini rai ne domin masu saurarensa su ne ke tara kuɗi wata da watanni kafin su sayi amfilifaya da sifika biyu, sannan a hana su ilimin da ba ya cin ko kwabo.

Mu fara da lungu, Malam, domin nan ginin naka ya fi rauni. Abin da kunne ke ji a falo ba daga sifika kaɗai yake zuwa ba. Sauti na gudun kusan mita 343 a sakan ɗaya. Ya daki bango ya dawo, ya ci karo da wanda ke fitowa, wani wuri su haɗu su ƙarfafa, wani wuri su kashe juna. Falo mai tsawon mita 4 yana da muryar da yake kumburawa da kansa, mai girgiza kusan sau 43 a sakan. In faɗinsa mita 3 da rabi ne, akwai wata a wajen 49. Tsayin silin ma da tasa. Kowa zai iya gwadawa: kunna waƙa mai bes, tsaya jikin bango ka ji tana dukan ƙirji, tako tsakiyar ɗaki ka ji ta yi sanyi, alhali ba wanda ya taɓa maɓalli. To, lungu shi ne mahaɗar duk waɗannan muryoyi. Sifikar da aka cusa can tana tayar da su gaba ɗaya, lokaci guda.

Ban musa cewa bes yana ƙaruwa ba. A lissafi, kowane bango da sifika ta jingina da shi yana iya ƙara mata har desibel 6, lungu kuwa bango biyu ne ga daɓe na uku. Amma wane irin ƙari? Injiniya Roy Allison na Amurka ya auna wannan ya wallafa a 1974, ya nuna cewa bango ba ya ƙara wa muryoyi daidai wa daida: yana ɗaga wasu, ya haƙa wa wasu rami, ramin kuma ya fi zurfi idan nisan sifika daga daɓe da bangon baya da bangon gefe duk ɗaya ne. Shi ya sa masu sani ke cewa a bambanta nisan nan uku. Abin da ka kira kyauta, Malam, gurnani ne mai murya ɗaya wanda ke rufe sauran. Sa faifan Alhaji Mamman Shata a irin wannan tsari ka ji: kalangu, wanda duk armashinsa hawa da sauka ne, sai ya koma dum-dum kawai, muryar mawaƙin ta yi kauri ta dushe.

Lissafin nan kuma bai san farashi ba. Sifikar da fuskarta ke santimita 86 daga bangon baya, sautin da ya je ya dawo yana raunana muryar da ke girgiza sau 100 a sakan, wato yankin da muryar namiji take. Ta dubu hamsin da ta miliyan biyar duk hukuncinsu ɗaya. Yaya mutum zai zauna gaban makirufo ya ce wuri ba kome ba ne?

Na san abin da za a kare shi da shi: ai akwai sifikar lungu. Akwai. Paul Klipsch ya fito da Klipschorn a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas, kuma ya ƙera ta ne yadda bangon lungu biyu za su ƙarasa mata bakin ƙahonta. Wannan hujja ce a kan mai shagon, domin mai ƙirar ya fara sanin wurin kafin ya sassaƙa akwatin. Da yawa daga cikin waɗanda ke jere a shaguna suna da ramin iska a baya, an yi su ne a ba su sarari. Ka manna ramin da bango, ka ce ka taimaki mai saye?

Batun tsada ma an gwada shi. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive, a kamfanin Harman, sun sa mutane su saurari wasu sifikoki sau biyu, da farko a ɓoye bayan labule, sannan a bayyane. Da ido na gani, manya masu sheƙi suka ƙara samun maki, sauya musu wuri kuma bai cika sauya ra'ayin masu saurare ba. Da aka ɓoye su, sauya wurin ya sauya makin sosai. Kunne ya san wuri sarai; ido ne ke danne shi. Wanda ya ce maka tsada ta isa, idonka yake yi wa ciniki.

Sai saman kabad. Siririyar murya, wadda ƙaramar sifikar da masu gyara ke kira tuwita ke fitarwa, miƙe take tafiya kamar hasken tocilan. Inda aka nufa da ita nan ta fi sauka. In ka kai ta kusa da silin, saman kan mutane za ta bi, su samu ragowar da ta dawo. Wurinta daidai kunnen mai zama ne, wajen mita ɗaya daga ƙasa ga mai kujera, ƙasa da haka ga gidan da ake zama bisa darduma.

Abin mamaki, duk tsawon shirin bai faɗi dalilin da ya sa sifikar take biyu ba. Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila ya nemi rajistar fasahar sitiriyo a 1931 don kunne ya ji kowane makaɗi a gurbinsa, mawaƙi a tsakiya, inda babu akwati ko ɗaya. Hakan na samuwa idan sifika biyun da mai saurare suka zama kusurwa uku mai tsawo ɗaya, a ɗan karkato fuskokinsu gare shi. Helmut Haas ya nuna a Jamus a 1949 cewa kunne yana bin sautin da ya riga isowa. Bambancin santimita 34 ya isa ya janye mawaƙin zuwa gefe guda. Ɗaya a kabad ɗaya a lungu, an biya kuɗin biyu ana jin ɗaya.

Kafet yana cin sauti, haka ne, amma amon da ya yi yawa yake ci. Wallace Sabine ya fara gano ma'aunin wannan a Jami'ar Harvard daga 1895, da matasan kujera da yake kwasowa zuwa wani zauren lacca da magana ba ta fita a cikinsa. Falon tayil da bangon siminti da gilashi su suka fi bukatar kafet tsakanin sifika da kujera, da labule mai kauri.

Wat kuwa bai cancanci dogon zance ba. Ninka shi biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ninka shi wajen goma, gurnanin lungu kuma tare suke tashi. Dubban wat ɗin da ake bugawa a kwali da haruffan PMPO ba su da wani ma'auni da aka yi ittifaƙi a kansa.

Ko waya bai ambata ba. Ja ga ja, baƙi ga baƙi; in aka juya na ɗaya, sifika biyun suna cin bes ɗin juna, mai gida kuma ya ɗauka kayansa ne ba su da ƙarfi.