ƘUNGIYAR ƘWALLON HANNU TA MASAR: ABIN KOYI DA ABIN GUDU

A cikin shekarar 1991 an yi gasar ƙwallon hannu ta ƙasashen Afirka a birnin Alƙahira. Da aka tashi daga wannan gasa, mazan Masar ne suka ɗauki kofin maza, matan Nijeriya kuma suka ɗauki na mata, kuma ko wannensu wannan ne karo na farko da ya taɓa cin kofin. Watau a wannan shekara ƙasashen biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Amma shekara talatin bayan haka, a 2021, Masar ta zama ta huɗu a wasannin Olamfik na Tokyo, alhali kuwa rabon Nijeriya da shiga ƙwallon hannu a Olamfik tun zuwan da matanta suka yi Barsalona a 1992. Wannan rata ba ta faɗo daga sama ba. Duk mai son ya san asalinta, to, ya dubi tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Hannu ta Ƙasar Masar da irin mutanen da suka shugabance ta, domin a cikinsa akwai abin koyi, akwai kuma abin gudu.

Ga waɗanda ba su saba da wasan ba, ƙwallon hannu wasa ne na mutum bakwai a kowane gefe, shida a fili, ɗaya a raga. Tsawon filin mita 40 ne, faɗinsa mita 20, kuma manya suna yin minti talatin su huta, su sake yin talatin. Ba a yarda ɗan wasa ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa uku ba, ko ya yi taku fiye da uku da ita a hannu. An kafa ƙungiyar duniya ta wannan wasa a birnin Kofanhagen a 1946, ta Afirka kuwa a Ikko aka haife ta a watan Janairu na 1973, lokacin Wasannin Afirka na biyu.

An kafa ƙungiyar Masar a shekarar 1957, kuma wanda ya fara shugabantarta shi ne Dokta Muhammad Fadali, malamin koyar da motsa jiki, wanda Misirawa suke kira uban ƙwallon hannu na ƙasarsu. Abin lura a nan shi ne, daga hannun malamai wasan ya fito, ta makarantu kuma ya yaɗu kafin manyan kulob-kulob irin su Al-Ahli da Zamalik su rungume shi. Duk da haka sai da ƙungiyar ta shekara talatin da huɗu kafin ta ga kofin Afirka na farko. A cikin waɗannan shekaru Tunisiya da Aljeriya ne suke cin karensu babu babbaka, har Aljeriya ta ɗauki kofin sau biyar a jere daga 1981 zuwa 1989. Masar ba ta rushe ƙungiyarta don haushin haka ba, ba ta kuma watsar da wasan ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Sunan da ya fi kowane fitowa a tarihin wannan ƙungiya shi ne na Dokta Hassan Mustafa, wanda aka haifa a Alƙahira a 1944. Ya yi wa kulob ɗin Al-Ahli wasa, ya yi wa ƙasarsa, ya koyar da 'yan wasa, ya yi alƙalancin wasa, ya kuma yi karatun ilmin wasanni a birnin Laifzig na Jamus ta Gabas ta wancan zamani. Ya riƙe shugabancin ƙungiyar daga 1984 zuwa 1992, sa'an nan ya dawo daga 1996 zuwa 2008. Ashe ke nan mutumin da aka damƙa wa ragama ya san wasan ciki da bai, ya san kukan ɗan wasa da na mai koyarwa, domin ya taka kowane mataki da ƙafarsa.

A cikin wannan zamani ne amfanin gonar ya fara nuna. Bayan kofin 1991, Masar ta sake ɗaukar na 1992, ta kuma shiga Olamfik a Barsalona a wannan shekara. A 1993 ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta samari, ta doke Danmak a wasan ƙarshe, ta ɗauki kofin. Samarin nan su ne suka girma suka zama ƙashin bayan babbar tawaga, wadda ta zo ta shida a Olamfik na Atlanta a 1996. A 1999 aka yi babbar gasar duniya ta maza a Masar, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma mazan Nijeriya suna cikin baƙin da suka halarta. A 2001 kuwa, a ƙasar Faransa, Masar ta fitar da Rasha, wadda ke riƙe da zinariyar Olamfik a lokacin, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙare a matsayi na huɗu. Kafin wannan rana babu wata ƙasa daga wajen Turai da ta taɓa kai wa nan.

Bayan wannan tashe an shiga shekaru na ja da baya. Tunisiya ta sake ɗagowa, Masar kuma ta yi ta faɗi-tashi a gasannin duniya. Maganin da aka yi wa cutar shi ne wanda aka sani tun farko, watau komawa ga yara. A 2019 'yan ƙasa da shekara goma sha tara na Masar suka ɗauki kofin duniya a Masedoniya ta Arewa bayan sun doke Jamus. Babbar tawaga ta ci kofin Afirka a 2020 da 2022 da 2024. A watan Janairu na 2021 Masar ta sake karɓar gasar duniya, wadda a karo na farko ta ƙunshi ƙasashe 32, a ɗakunan wasa huɗu, ba tare da 'yan kallo ba saboda annobar korona. A nan ne ta yi kare jini biri jini da Danmak, mai riƙe da kofin, aka yi ƙarin lokaci har sau biyu, sai da jifan daga kai sai mai tsaron gida aka raba gardama, Danmak ta tsira da 39 da 38. A Olamfik na Tokyo kuma ta fitar da Jamus kafin Faransa da Sipaniya su tare ta.

Wannan shi ne ɓangaren abin koyi. Amma ba za a yi wa masu karatu adalci ba idan aka ɓoye ɗaya ɓangaren. Na farko, maganar daɗewa a kan kujera. A shekarar 2000 aka zaɓi Dokta Hassan Mustafa shugaban ƙungiyar ƙwallon hannu ta duniya, ya gaji Erwin Lanc na Ostiriya, ya zama mutum na farko daga wajen Turai da ya hau wannan muƙami. Wannan abin alfahari ne ga Afirka baki ɗaya. Sai dai ya ci gaba da riƙe ƙungiyar ƙasarsa har 2008, watau shekara takwas yana sanye da hula biyu, shi ne mai ƙasa, shi ne mai duniya. An kuma yi ta sake zaɓensa a kujerar duniya har ya wuce shekara ashirin a kanta. Kowace irin ƙwarewa mutum yake da ita, idan ƙungiya ta saba da fuska ɗaya, ranar da fuskar ta kau sai a rasa inda za a dafa. Shugaba na gari shi ne wanda ya reni magada tun yana da ƙarfi.

Na biyu, abin da ya biyo bayan gasar 2021. Ƙungiyar duniya ta dakatar da shugaban ƙungiyar Masar na lokacin, Injiniya Hisham Nasr, bisa zargin karya dokar killacewa da aka kafa don kare 'yan wasa daga annoba, aka kuma ɗora kwamitin riƙo a kan ƙungiyar. A gefe guda, daidai ne doka ta hau kan babba kamar yadda take hawa kan ƙarami. A ɗaya gefen kuwa, kwamitin riƙon ya shafe shekaru yana jan ragama kafin a koma ga zaɓe, alhali kuwa riƙo na ɗan lokaci ne, ba gado ba ne. Kulob-kulob da ke ciyar da 'yan wasa su ne suke da haƙƙin zaɓen wanda zai shugabance su, kuma duk wanda aka naɗa daga sama, to, ga wanda ya naɗa shi zai riƙa waiwaye.

Na uku, sha'anin mata. Duk wannan ɗaukaka da aka lissafa ta maza ce. A fagen mata Angola ce ta mamaye Afirka shekara da shekaru, kuma matan Masar ba su taka gasar duniya ta manya ba sai a 2025. Ƙungiyar da ta manta da rabin jama'arta rabin aiki ta yi. A nan Nijeriya ta riga Masar nisa a 1991, kuma abin takaici ne a ce an bar wannan gaba ta suɓuce.

To, mene ne ya kamata hukumomin wasanni na Nijeriya su ɗauka daga wannan tarihi? Wannan jarida tana ganin abubuwa huɗu.

Da fari, a mayar da wasan makaranta. Filin ƙwallon hannu bai kai kashi ɗaya cikin takwas na filin ƙwallon ƙafa ba, ba ya kuma bukatar kome sai raga biyu da ƙwallo. Babu makarantar sakandare ko kwalejin horon malamai da za ta ce ba ta da wurin da za ta share. Lalle ne ma'aikatun ilmi na jihohi su sa shi cikin gasannin makarantu na kowace shekara, su kuma horar da malaman motsa jiki a kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, a daina ɗaukar shugabancin ƙungiyoyin wasanni kamar tukuici da ake ba wanda ya rasa wani muƙami. A zaɓi wanda ya san wasan, a ba shi wa'adi bayyananne, a kuma ƙayyade sau nawa zai iya komawa.

Na uku, a riƙa yin gasar cikin gida a kan lokaci, ta maza da ta mata, ta manya da ta yara. Garuruwa irin su Sakkwato da Kano da Minna sun daɗe da sanin wannan wasa, suna kuma da 'yan wasa masu hazaƙa. Abin da yake kashe su shi ne zaman jiran gasa, da tara tawaga a gurguje ana saura 'yan kwanaki a tashi. Bikin Wasanni na Ƙasa da aka fara a 1973 wuri ne na gano masu baiwa, amma ganowa ba ta da amfani idan babu mai reno.

Na huɗu, ma'aikatan gwamnati da ke riƙe da fayil-fayil na kuɗin wasanni su tuna cewa takardar da ta kwana a kan tebur tana iya hana tawaga guda tafiya. A fitar da kuɗi a kan kari, a kuma tilasta wa ƙungiyoyi su bayyana yadda suka kashe kowane kwabo a gaban wakilan jihohi.

Su kuma ɗalibai, su sani cewa waɗanda suka ɗaga tutar Masar a Faransa a 2001 yara ne 'yan makaranta sa'ad da aka fara renonsu. Masar ta jira shekara talatin da huɗu kafin kofinta na farko, ta kuma yi kurakuran da kowa ya gani. Nijeriya ba ta bukatar ta jira haka, domin hanya ta riga ta fito, ramukan da ke cikinta ma an san inda suke. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.